Bahamas: An Sha Sauya Masu Mulki, Ba A Sauya Mai Biyan Haraji Ba

Ranar Laraba 4 ga watan Disamba, 2024, ana tsakiyar zaman Majalisar Wakilai ta ƙasar Bahamas a birnin Nassau, sai mataimakin shugaban jam'iyyar hamayya ta FNM, Mista Shanendon Cartwright, ya tashi ya nufi teburin Shugabar Majalisa, ya sunkuci sandar girma ta majalisar, ya buɗe taga ya wurgar da ita waje. Abin da ya fusata shi shi ne Shugabar Majalisa, Uwargida Patricia Deveaux, ta hana jagoran 'yan hamayya, Mista Michael Pintard, yin magana a kan wata ƙara da hukumomin Amurka suka shigar a birnin New York a ƙarshen watan Nuwamba, inda suka zargi waɗansu jami'an 'yan sanda da na rundunar tsaron Bahamas da taimaka wa masu fasa-ƙwaurin hodar iblis. A wannan rana ce kuma Firayim Minista Philip Davis ya bayyana cewa Kwamishinan 'Yan Sandan ƙasar ya ajiye aikinsa. Daga ƙarshe dai sai da 'yan sanda suka shigo suka fitar da 'yan hamayyar daga zauren da ƙarfi.

Duk ɗan makaranta a Bahamas ya san inda Mista Cartwright ya samo wannan dabara. A ranar 27 ga Afrilu, 1965, ranar da mutanen ƙasar ke kira Baƙar Talata, wani matashin lauya mai suna Lynden Pindling ya jefar da sandar majalisa ta taga a gaban taron magoya bayansa, don nuna ƙin yadda 'yan kasuwa farar fata masu mulki suka shata iyakokin mazaɓu domin ƙuri'ar baƙar fata, waɗanda su ne mafi rinjaye, ta zama ba ta da nauyi. Abokinsa Milo Butler ya bi bayan sandar da gilashin yashin da ake auna wa 'yan majalisa lokacin magana da shi.

Amma akwai bambanci babba tsakanin ranakun biyu. Jama'ar da suka taru a 1965 sun san abin da suke nema, watau a sa ƙuri'arsu ta yi aiki, kuma cikin shekara biyu suka samu. Jikokinsu kuwa sun daɗe da samun wannan ƙuri'a, har sun yi amfani da ita sun kayar da gwamnati sau biyar a jere tsakanin 2002 da 2021. Abin da ya gagare su shi ne su sa ƙuri'ar ta taɓa farashin abinci, da kuɗin wutar lantarki, da kuɗin hayar gida. A nan ne tushen fushin yake.

ƘASA MAI ARZIKI A TAKARDA

Ga mai karatun da bai san ƙasar ba, Bahamas tarin tsibirai ne wajen 700 da suka bazu a cikin Tekun Atlantika daga gabashin jihar Fulorida ta Amurka har zuwa arewacin Kuba da Haiti. Kimanin 30 ne kaɗai daga cikinsu ake zama a kai. Mutanen ƙasar duka kimanin 400,000 ne, kuma kusan kashi 70 cikin 100 suna cunkushe ne a ƙaramin tsibirin New Providence inda babban birnin yake. Mafi yawansu zuriyar bayin da aka kwaso daga Afirka ne. Ƙasar ta sami mulkin kai daga Ingila ranar 10 ga Yuli, 1973, amma Sarkin Ingila shi ne dai shugaban ƙasa, Gwamna-Janar yana wakiltarsa. Tsofaffin ma'aikata za su tuna da sunan Nassau, domin a can ne shugabannin Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila suka taru a 1985 suka yanke shawarar kafa kwamitin dattawa kan mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu, wanda Janar Olusegun Obasanjo na Nijeriya ya shugabanta tare da Mista Malcolm Fraser na Ostireliya.

Idan aka raba abin da ƙasar ke samarwa a shekara ga kowane mutum ɗaya, rabon kowa zai haura dala 30,000, wanda ya sa Bahamas cikin sahun gaba a duk nahiyar Amurka. Dalarta kuma daidai take da dalar Amurka, ɗaya da ɗaya. Wanda ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma kawai zai yi mamakin abin da mutanen ke kuka da shi.

To, sai a dubi albashi. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta amince da shi dala 210 ne a mako daga 2015, aka ɗaga shi zuwa dala 260 a watan Janairu, 2023, watau kimanin dala 1,130 a wata. Alhali kuwa tun a 2020 wani bincike na Jami'ar Bahamas ya nuna cewa albashin da zai riƙe ma'aikaci da iyalinsa cikin mutunci ya kai dala 2,625 a wata a New Providence, dala 3,550 kuma a tsibirin Grand Bahama. Wannan tun kafin hauhawar farashin da ta biyo bayan annobar korona ke nan. Ma'ana dai mai gyaran ɗakuna a otal ko mai gadin kanti da ke karɓar ƙaramin albashi ba ya samun ko rabin abin da masanan ƙasarsa suka ce yana bukata.

DAGA INA TSADAR TA FITO

Dalili na farko a bayyane yake. Ƙasar duwatsun farar ƙasa ce, ba ta da zurfin ƙasar noma, kuma an daɗe da juya wa gona baya. Kusan kashi 90 cikin 100 na abincin da ake ci daga waje ake sayo shi, galibi daga Fulorida. Kowane buhun shinkafa da kowane katan na kaji sai ya biya kuɗin jirgi, da kuɗin sauke kaya, da kuɗin fito, da ribar babban ɗan kasuwa, da ta mai kanti. Idan kuwa kayan za su wuce ƙananan tsibiran da ake kira Tsibiran Dangi ne, sai an sake loda su a jiragen ruwan ɗaukar wasiƙu daga tashar Potter's Cay, kuɗi ya ƙara hawa. Tun da yake dalar ƙasar a ɗaure take da ta Amurka, duk tsadar da ta tashi a kasuwannin Amurka takan sauka a Nassau ba tare da wani shamaki ba, kuma Babban Bankin ƙasar ba shi da abin yi sosai a kai.

Wutar lantarki ma haka. Kamfanin gwamnati na BPL da man da ake shigowa da shi yake kunna injunansa, a ƙasar da rana ke dukanta kusan duk shekara. A bazarar 2019 mazauna Nassau sun sha rabon wuta unguwa-unguwa saboda tsofaffin injuna sun gaza. A watan Oktoba, 2022 kuma gwamnati ta sanar da ƙarin kuɗin mai da ake ɗora wa mai amfani da wuta, daga santi 10.5 a kowane kilowat, yana hawa mataki-mataki har ya kai santi 27.6 a tsakiyar 2023 ga waɗanda suka fi shan wuta. Mai kanti da ke ajiye nama a firji bai haɗiye wannan ƙari ba, ya mayar da shi kan mai saye.

Amma dalilin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma wanda 'yan siyasar ƙasar suka fi gudun tattaunawa a kansa, shi ne yadda gwamnati ke tara kuɗin shigarta. A Bahamas babu harajin albashi. Babu harajin gado. Manajan banki mai karɓar dubban daloli a wata ba a cire masa ko santi ɗaya da sunan harajin samu, sai dai ɗan kuɗin inshorar ƙasa da ake cire wa kowane ma'aikaci. To, da me ake gina makarantu da asibitoci, a kuma biya ma'aikata? Da kuɗin fito na kwastan, da kuma harajin ciniki wanda ake kira VAT. Watau gwamnati ba ta tambayar nawa mutum ya samu, sai dai nawa ya kashe.

Wannan tsari kuwa sananne ne cewa talaka ya fi ji a jika. Matar da ke karɓar dala 260 a mako ba ta da abin ajiyewa, kusan duk abin da ta samu a kanti da gidan mai da takardar kuɗin wuta yake ƙarewa. Sa'ad da harajin yake kashi 10 cikin 100 a kan abinci, daga 2022 zuwa farkon 2025, a kowace dala 110 da ta miƙa wa mai kanti dala 10 ta gwamnati ce, ban da kuɗin fiton da aka riga aka cusa cikin farashin tun daga tashar jirgi. Attajiri kuwa komai cinsa ciki ɗaya gare shi. Ɗan abin da ya kashe ne kaɗai ake taɓawa, ragowar dukiyarsa tana banki ko a hannun jari babu mai tambayarsa.

Ba da gangan talakawan Bahamas suka zaɓi wannan tsari ba, gadonsa suka yi. Kafin 1967 ƙasar tana hannun wani gungun 'yan kasuwa da lauyoyi farar fata da ake kira Samarin Bay Street, saboda a wannan titi kantunansu da ofisoshinsu suke. Babban mai tsara musu tattalin arziki shi ne Sir Stafford Sands, wanda ya riƙe ma'aikatun kuɗi da yawon shaƙatawa. Shi ne ya ɗora ƙasar a kan ginshiƙai biyu: a jawo Amurkawa su zo hutu, a kuma jawo masu kuɗin duniya su ajiye dukiyarsu a bankunan Nassau bisa alkawarin ba za a karɓi haraji a kanta ba. A zaɓen 10 ga Janairu, 1967, jam'iyyar PLP ta Pindling da jam'iyyar UBP ta Samarin Bay Street suka yi kunnen doki, kujeru 18 kowace, sai ɗan ƙwadago Randol Fawkes ya goyi bayan Pindling, ɗan indifenda Alvin Braynen kuma ya karɓi kujerar Shugaban Majalisa. Mulki ya koma hannun masu rinjaye, Sands ya bar ƙasar. Amma ginshiƙan nan biyu ba wanda ya taɓa su. Abin ban dariya ma, hoton Sands a takardar kuɗi ta dala 10 an sa shi, an cire, an kuma mayar, gwargwadon jam'iyyar da ke kan mulki, alhali tsarin harajin da ya bari duk jam'iyyun biyu sun riƙe shi hannu biyu.

Tarihin harajin VAT kaɗai ya isa ya nuna abin da ya sa mai zaɓe ya gaji. Gwamnatin PLP ta Mista Perry Christie ce ta shigo da shi ranar 1 ga Janairu, 2015, a kan kashi 7.5 cikin 100, da hujjar za a rage bashi. Jam'iyyar FNM a ƙarƙashin Dakta Hubert Minnis ta yi adawa da shi. Da Minnis ya hau mulki a 2017, shekara ɗaya kacal ya yi ya ɗaga harajin zuwa kashi 12, ko da yake ya cire shi daga kan waɗansu kayan masarufi da magunguna. PLP ta yi ta suka. Da ita kuma ta dawo a 2021 a ƙarƙashin Mista Davis, sai ta sauke shi zuwa kashi 10 a watan Janairu, 2022, amma ta mayar da shi kan kayan masarufin nan da aka yafe. Mai sayen mota ya sami sauƙi, mai sayen shinkafa da gari da madarar jarirai ya sami ƙari. Sai a watan Afrilu, 2025 aka rage harajin abincin kanti zuwa kashi 5. A tsawon waɗannan shekaru duka bashin da aka ce za a rage ƙaruwa ya yi, harajin kuma ya zama babbar hanyar samun kuɗin gwamnati, yana kawo sama da dala miliyan 1,000 a shekara.

A yi wa gwamnatocin adalci, masifu biyu sun auka wa ƙasar a jere. Ranar 1 ga Satumba, 2019 mahaukaciyar guguwar Dorian ta sauka a tsibirin Abaco ta wuce Grand Bahama. Hukuma ta tabbatar da mutuwar mutum 74, waɗansu da yawa ba a ƙara ganinsu ba, asarar dukiya kuma an ƙiyasta ta kai dala miliyan 3,400. Wata shida bayan haka korona ta rufe filayen jiragen sama da otal-otal, tattalin arzikin ƙasar ya ragu da fiye da kashi 20 cikin 100 a 2020. Bashin ƙasa ya haura dala miliyan 11,000 a 2022, kuɗin ruwan da ake biya a kansa kaɗai ya wuce dala miliyan 500 a shekara. Duk Ministan Kuɗin da ya zauna a wannan kujera, ko daga wace jam'iyya yake, zai iske an riga an cinye babban kaso na kasafinsa tun kafin ya buɗe fayil.

BAƘI MILIYAN 11

Abin da ministoci suka fi son ambatawa shi ne yawan baƙi. A 2019 mutum miliyan 7.2 suka ziyarci ƙasar, a 2023 suka haura miliyan 9.6, a 2024 kuma suka wuce miliyan 11. Ga ƙasa mai mutum 400,000 wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma gaskiya ne ya mayar da dubban mutane bakin aiki bayan korona.

Sai dai baƙo suna ya tara. Fiye da kashi huɗu cikin biyar na baƙin 2024 fasinjojin manyan jiragen ruwa ne na shaƙatawa, waɗanda a cikin jirgi suke kwana, a ciki suke ci, su sauko na 'yan sa'o'i su sayi hular kaba ko riga su koma. Abin da irin wannan baƙo ke kashewa ɗan kaɗan ne idan aka gwada da wanda ya zo ta jirgin sama ya kwana biyar a otal, ya hau tasi, ya ci abinci a gari. Bugu da ƙari, manyan kamfanonin jiragen sun mallaki ko sun yi hayar wuraren saukarsu na kansu. Royal Caribbean yana da CocoCay, Disney yana da Castaway Cay da wani sabon wuri a kudancin Eleuthera da ya buɗe a 2024, MSC yana da Ocean Cay, Carnival kuma ya buɗe Celebration Key a Grand Bahama a 2025. Fasinjan da aka sauke a irin waɗannan wurare an ƙirga shi cikin baƙin Bahamas, gwamnati ta karɓi kuɗin kai, an ɗauki 'yan ƙasa aiki, amma akasarin abin da ya kashe a aljihun kamfanin yake komawa. Direban tasi na Nassau da mai sayar da kifi a Arawak Cay suna jin adadin a rediyo su duba cinikinsu, sai su ga kamar kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ga kuma batun gidaje. Tun da aka sassauta wa baƙi dokar mallakar fili a 1993, masu kuɗi daga Amurka da Kanada da Turai suke sayen bakin teku, unguwanni masu katanga irin su Lyford Cay da Albany suna bunƙasa, masu gidajen haya kuma da yawa sun gano cewa ba baƙo ɗaki na kwana uku ta intanet ya fi ba malamin makaranta na wata guda riba. 'Yan mintoci kaɗan daga titin Bay Street, a tsofaffin unguwannin Bain Town da Grants Town, talauci da rashin aikin yi na samari suna nan, kuma daga irin waɗannan unguwanni ne akasarin kashe-kashen 'yan daba ke fitowa. A 2015 an kashe mutum 146 a ƙasar, adadi mai ban tsoro ga al'ummar da ba ta kai rabin miliyan ba.

SANDAR MAI ZAƁE

Pindling ya yi shekara 25 yana mulki. A 1984 wani kwamitin bincike ya tona yadda kuɗin masu fataucin hodar iblis daga Kolombiya suka ratsa 'yan sanda da 'yan siyasa, ya kuma nuna cewa abin da Firayim Ministan ya kashe ya fi abin da ya samu nesa ba kusa ba, ko da yake mafi rinjayen 'yan kwamitin ba su ɗanganta kuɗin da fataucin ba. Ministoci biyu matasa da suka nuna rashin jin daɗinsu, Hubert Ingraham da Perry Christie, an sallame su daga majalisar ministoci a wannan shekara. Su biyun abokai ne, sun kuma taɓa haɗa ofishin lauya guda. Ingraham ya koma FNM ya kayar da Pindling a 1992, ya sake ci a 1997. Christie ya koma gida ya gaji Pindling a shugabancin PLP. Daga 1992 har 2017, shekara 25 cur, waɗannan abokai biyu ne suka yi ta miƙa wa juna mulki.

Daga 2002 ne mai zaɓe ya fara ɗaga sanda. A wannan shekara aka kayar da FNM. A 2007 aka kori Christie aka dawo da Ingraham. A 2012 aka kori Ingraham aka dawo da Christie. A 2017, bayan gagarumar zanga-zangar da dubban mutane sanye da baƙaƙen kaya suka yi a Nassau a watan Nuwamba, 2016, FNM ta lashe kujeru 35 daga cikin 39, Christie kansa ya rasa kujerar Centreville da ya riƙe shekara 40. Shekara huɗu bayan haka, ranar 16 ga Satumba, 2021, Minnis da ya kira zaɓe tun lokaci bai yi ba ya tashi da kujeru 7, PLP ta kwashe 32 a ƙarƙashin Davis, wanda shi ne mataimakin Christie a gwamnatin da aka yi wa korar kare a 2017.

Waɗanda ke kallo daga waje sukan yaba wannan a matsayin alamar dimokuraɗiyya mai lafiya, kuma suna da hujja. Ba a taɓa juyin mulki a Bahamas ba, wanda ya faɗi yakan amince tun daren zaɓe. Amma akwai wani adadi da ya fi yawan kujeru faɗin gaskiya. An san mutanen Bahamas da son zaɓe, kusan kashi 90 cikin 100 na masu rajista sukan fita. A 2017 kashi 88 suka fita. A 2021 sai ga shi ya faɗo zuwa kimanin kashi 65. Tsoron korona ya taimaka, domin an yi zaɓen ne cutar tana tashe, amma ba ita kaɗai ba ce. Ƙuri'un PLP ɗan ƙaruwa kaɗan suka yi a kan na 2017, na FNM ne suka zube da kusan rabi. Watau dubban mutanen da suka ɗora Minnis ba su koma wa PLP ba, gida suka zauna. Gwamnatin da ta sami kujeru 32 cikin 39 da ƙuri'ar kimanin kashi ɗaya cikin uku na masu rajista ta hau.

Tsarin zaɓen da aka gada daga Ingila, inda wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa yake cinye kujerar ko da ratar ƙuri'a ɗaya ce, shi ke mayar da ɗan ƙaramin juyi ya zama ambaliya. Shi ne kuma ke toshe hanyar jam'iyya ta uku. Jam'iyyar DNA ta Mista Branville McCartney ta sami fiye da kashi 8 cikin 100 a 2012 ba ta sami kujera ko ɗaya ba. Ƙawancen 'yan indifenda na COI da Mista Lincoln Bain ke jagoranta ya sami kimanin kashi 6 a 2021, shi ma hannu rabbana. Bain ya gina kiransa ne a kan cewa albarkatun ƙasa na 'yan ƙasa ne, da kuma tsananta wa baƙin haure daga Haiti. Batu na biyun yana da farin jini a wurin waɗanda ke ganin cunkoso a asibiti da makaranta, amma ɗan Haitin da ke yankan ciyawa ko ɗaukar bulo ba shi ya tsara kuɗin fito ba, ba shi kuma ya sa hannu a takardun bashi ba. Fushin da ya rasa inda zai sauka yakan sauka ne a kan wanda ya fi rauni.

Har a ƙuri'ar raba gardama ma an ga wannan hali. An yi ta a 2002 kan gyaran tsarin mulki, jama'a suka ce a'a. An yi a 2016 kan daidaita haƙƙin maza da mata wajen ba 'ya'yansu zama ɗan ƙasa, nan ma suka ce a'a, kuma masu lura da al'amura da dama sun ɗauki amsar a matsayin mari ga gwamnatin da ta yi tambayar. Wadda ta fi barin tabo ita ce ta watan Janairu, 2013, kan halatta shagunan caca. Christie ya yi alkawarin bin abin da jama'a suka ce. Jama'a suka ƙi. A 2014 gwamnatinsa ta kafa dokar da ta halatta shagunan. Wanda aka tambaya ra'ayinsa ya faɗa aka yi akasin haka, da wuya a sake shawo kansa cewa tsayuwa a layin zaɓe tana da amfani.

Alkawuran gyaran tsari kuwa kowace jam'iyya takan yi su ne sa'ad da take hamayya. Minnis ya yi alkawarin ƙayyade wa'adin Firayim Minista da tsayar da ranar zaɓe, ya sauka bai yi ba. An kafa dokar ba jama'a damar ganin takardun gwamnati a 2017, aka yi shekaru ba a aiwatar da ita sosai ba. Akwai dokar 1976 da ta wajabta wa 'yan majalisa bayyana dukiyarsu kowace shekara, amma jaridun ƙasar sun sha ba da labarin waɗanda suka wuce wa'adi ba tare da an hukunta kowa ba. An kuma shiga zaɓen 2021 babu wata doka da ta tilasta wa jam'iyyu faɗin wanda ya ba su kuɗin yaƙin neman zaɓe, duk da cewa masu sa ido na Ƙungiyar Ƙasashen Nahiyar Amurka sun sha ba da shawarar a yi ta. A ƙasar da akasarin mazaɓu ba su wuce masu zaɓe dubu biyar ko shida ba, inda ɗan takara ya san kowane gida, kuɗi kaɗan yana iya yin aiki mai yawa, kuma mai zaɓe yana da haƙƙin ya san ko masu shigo da kaya da masu otal da masu shagunan caca ne suka biya kuɗin rigar da aka ba shi a wurin gangami.

Wannan shi ya dawo da magana kan haraji. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya sha ba Bahamas shawarar ta sa harajin samu a kan masu manyan albashi, don a rage dogaro da harajin ciniki. Gwamnatin Davis ta ce ba ta da niyyar yin haka, FNM ma ba ta taɓa sa shi a gaba ba. Hujjarsu ita ce bankuna da attajiran ƙetare za su kwashe kuɗinsu su koma tsibiran Cayman ko Bermuda, ayyukan yi masu tsoka su bi su. Hujjar ba ta banza ba ce, domin harkar banki ita ce ta biyu bayan yawon shaƙatawa, kuma ita ta gina yawancin masu matsakaicin hali na Nassau. Akwai kuma ma'aikata da yawa da ke tsoron cewa idan aka buɗe ƙofar, harajin da aka ce na manya ne zai gangaro kansu, VAT kuma ba za a cire ba, su zama an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Bayan abin da suka gani tun 2015, ba za a ga laifinsu ba.

Sauyin da aka samu a wannan fanni daga waje ya zo. Sa'ad da manyan ƙasashe masu arziki suka amince cewa kowane babban kamfanin duniya sai ya biya aƙalla kashi 15 cikin 100 na ribarsa a wani wuri, Bahamas ta ga cewa idan ba ta karɓa ba wata ƙasa za ta karɓa, saboda haka a 2024 majalisa ta kafa dokar harajin riba irinta ta farko. Dokar ta shafi kamfanonin da cinikinsu a duniya ya kai Yuro miliyan 750 a shekara ne kaɗai. Albashin 'yan ƙasa da ribar kamfanonin cikin gida, manya da ƙanana, ba su shiga cikinta ba.